Abin da Ya Kwana Huɗu a Aljihuna

Shekarar da aka sauya takardun naira ce, lokacin da mutane ke wuni a ƙofar banki su koma gida hannu rabbana. Abin da zan faɗa ya faru bayan wannan ya lafa, makonni kaɗan bayan ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafi.

A lokacin ina aikin shara da aike a wani ɗakin gwajin jini a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗaki uku ne da baranda. Mai wurin wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga aikin asibiti. Masu zuwa yawanci daga babban asibiti ake turo su, wasu kuma su turo kansu idan layin can ya yi musu tsawo. Shekarata goma sha ɗaya a wurin. Makullin ƙofa yana hannuna, ina buɗewa bayan na fito daga sallar Asuba, in share, in goge, in kwashe shara, kafin ma'aikata su iso ƙarfe takwas.

Ina da shekara arba'in da tara na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tarauni, bayan La'asar, kwana uku a mako. Na yi allo tun ina yaro, amma boko ban taɓa yi ba. Karatu ya zo mini a hankali, ya kuma zauna. Rubutu ne ya ƙi. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe tsintsiya da bokiti, idan ka ba shi biro sai ya danne shi kamar zai huda takardar. Malaminmu yakan duba littafina ya ce, "Malam, wannan b ce ko d?" Ni kuma in ce masa, "Wadda ta dace da wurin."

Wata rana na ga Sista, mai karɓar mutane a teburin gaba, tana rubutu a kwamfuta. Harafin da ta danna shi ke fitowa, a miƙe, ba ya karkacewa. Na tambayi Hajiya ko zan iya gwadawa idan na gama shara. Ta ce, "Gwada mana, Malam, amma kar ka ɓata mini komai." Kwamfutar gaba take nufi. Ni kuwa ta ɗakin baya na zaɓa, domin ta gaba tana kallon titi, duk mai wucewa zai ga dattijo yana neman harafi da yatsa ɗaya. Ta baya kullum a kunne take, ba mai zama a gabanta. Abin da na sani game da ita shi ne ba a kashe ta, kuma ba a ɗora mata kofin shayi.

Sista ce ta nuna mini yadda ake buɗe farar takarda a kwamfuta, da yadda ake ajiyewa. Saura wurin ajiya. A nan na yi amfani da abin da na sani. Mai shara ya fi kowa sanin inda ba a taɓawa. A sito, idan ina son ɓoye sabuwar tsintsiya, bayan kwalin da ya fi ƙura nake sa ta, domin ƙura ita ke gaya maka rabon da hannu ya je wuri. Kwamfuta ba ta nuna ƙura, amma kowace folda da kwanan wata a gefenta, kuma a aji an koya mana karanta kwanan wata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na sami wadda rabon a taɓa ta shekara shida. Na buɗe. Wasu abubuwa uku ne a ciki masu sunayen da ba sa karantuwa, su ma duk shekara shida. Na ce wannan tarkacen mutanen da ne. Na zuba kayana a ciki.

Wata goma sha huɗu ina rubutu a nan, kowace safiya minti ashirin ko talatin. Ban iya sa wa rubutu suna ba, sai na riƙa sa musu lamba. Na ɗaya haruffa ne daga farko zuwa ƙarshe. Na biyu sunana ne sau ashirin. Daga baya suka fara tsawo. Na goma sha tara a kan Sista ne, da yadda take cin gyaɗa tana tura ɓawon ƙarƙashin tebur da ƙafa, tana tsammanin ba wanda ya sani. Na ashirin da biyu hanyar da nake bi ce daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa aji, da duk abin da ke kanta. Na talatin da ɗaya a kan Inna ne, mahaifiyata, ranar da ta rasu a ƙauye, da abin da ta ce mini game da akuyarta, da yadda na tsaya ina wanke ƙwaryar da ba wanda zai sake sha da ita. Safiya goma sha ɗaya na yi ina rubuta shi. Gaba ɗaya suka kai arba'in da uku. Ba ni da su a takarda, ba ni da su a ko'ina sai cikin foldar nan.

Da shekarar aji ta zo ƙarshe, malaminmu ya ce kowa ya kawo abin da ya rubuta da kansa a duba kafin a yaye mu. Na sayi filash a kasuwar waya ta Tarauni, ƙarami kamar ɗan yatsa. Ranar Asabar na ce wa Sista ta nuna mini yadda ake ɗaukar folda a sa a ciki. Ban gaya mata wace folda ba.

Ta nuna mini a kwamfutar gaba. "Ka ga wannan mai takarda biyu, Baba? Kwafi ke nan. Za ka tafi da ɗaya, ɗaya ta zauna. Wannan mai almakashi kuma ɗaukewa yake yi gaba ɗaya."

"Ba ya barin komai?"

"Ko ɓurɓushi."

Ban yi dogon tunani ba. Ni aikina ke nan, kada in bar komai a baya. Mutum ba ya kwashe kayansa daga ɗakin wani ya bar rabi. Ga kuma na goma sha tara.

Ranar Litinin da sassafe na danna almakashi. Foldar ta bar wurin ta koma filash, da rubutuna arba'in da uku da tarkacen nan uku, kamar yadda za ka ɗauki kwali da tsohuwar jaridar da aka shimfiɗa a ƙasansa. Na duba inda take, fes. Na sa filash a aljihun gaba na rigata, na ci gaba da goge baranda.

Wajen ƙarfe tara Sista ta danna a fitar da sakamakon wata mata mai ciki, firinta ba ta motsa ba. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar da Turanci da jan alama. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Ta kashe firinta ta kunna. Ta buɗe ta ta hura. Ta kira Hajiya.

"Me ya ce?"

"Wai bai samu ba."

"Bai samu me ba?"

"Bai faɗa da kyau ba, Hajiya. Wasu lambobi ne."

Sunan matar yana nan a kwamfuta, sakamakonta yana nan, ana gani da ido. Fitowa takarda ce ta gagara. Hajiya ta ɗauko biro da hatimi ta fara rubutawa da hannu. Kafin azahar mutum biyu sun dawo daga babban asibiti, wai likita ya ce a kawo bugagge. Aka aike ni in sayo sabuwar wayar firinta. Na je na sayo. Ba ita ba ce.

Ban kawo komai a raina ba. Kowa firinta yake zagi, ni kuma ban taɓa firinta ba sai da tsumma.

Da yamma, kafin aji, na biya wani shagon buga takardu a Tarauni. Mai shagon ya soka filash ɗina a kwamfutarsa, wadda kowa ke soka nasa, ya ce daga ina za a fara. Na ce daga farko. Ya buga na ɗaya, na biyu, har na shida, sai aka ɗauke wuta. Ya ce injinsa ba mai, in dawo gobe. Na karɓi takardu shida na ninke, na mayar da filash aljihu. Washegari ban samu komawa ba, domin aiki ya rincaɓe.

Ranar Talata Hajiya ta kira mai gyara. Mutum ne mai ƙiba da jaka a kafaɗa, yana da rumfa a kasuwar waya. Ya zauna a ɗakin baya, ya nemi fanka, ya nemi ruwa mai sanyi. Ni na kawo masa. Da na sunkuya zan ajiye, filash ɗin ya kusa faɗowa, na tare shi da hannu.

"Dattijo, kai ke share nan?"

"Ni ne."

"Ba ka zare wata waya ba?"

"Shekara goma sha ɗaya ban zare ba."

"To bairos ne," in ji shi.

Ya wuni yana neman bairos, cutar nan ta kwamfuta, bai samu ba. Ya ce wannan ya nuna mai wayo ne. Ya cire manhajar firinta ya sake sawa. Daga kowane wuri firinta tana bugawa, har ya buga hoton wata mota ya nuna wa Hajiya. Daga wurin sakamako ne kaɗai ta ƙi. Hajiya ta ce ba mota take sayarwa ba.

Ranar Laraba ya dawo da wata dabara. Ashe kwamfutar tana ajiye kwafin bayanan kowace rana da kanta. Ya ce zai mayar da ita yadda take ranar Juma'a, lokacin da komai ke aiki. Ya mayar. Akwatin nan ya sake fitowa, da lambobinsa, bai canza ko ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne duk wanda aka yi wa gwaji daga Asabar zuwa Talata ya ɓace daga kwamfutar, sai da Sista ta sake shigar da su ɗaya-ɗaya daga babban littafi. Ranar ba ta ci gyaɗa ba. Aka nemi mutumin da ya haɗa tsarin tun farko, aka ce ya bar ƙasar, lambarsa kuma wata mai sayar da atamfa ce ke ɗauka.

Ranar Alhamis Hajiya ta samo wata Injiniya ta hanyar tsohuwar abokiyar aikinta. A Hotoro take zaune, aikinta kula da rumbun bayanai a wata ma'aikata. Ta iso bayan azahar, da dogon hijabi da ƙaramar kwamfutarta. Ba ta nemi fanka ba. Abin da ta fara yi shi ne ta ce Sista ta danna, akwatin ya fito, ta zauna ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Kwana huɗu yana fitowa, ban ga wanda ya karanta shi har ƙarshe ba sai ita.

"Ba firinta ba ce," ta ce.

Mai gyara yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Ai na faɗa."

Na kawo mata ruwa na tsaya daga gefe, domin ba a ce in fita ba. Hajiya ta ce a yi mata bayani da Hausa.

Injiniya ta ce, "Hajiya, cikin kwamfutar nan ta baya akwai rumbun bayanai, ta gaba ma daga nan take ɗauka. Shi ke riƙe da sunan kowa da sakamakonsa. Amma shi bai iya tsara takarda ba. Wanda ya haɗa muku tsarin ya rubuta wani ɗan umarni da kansa ya ajiye a cikin rumbun, mu muna ce masa fankishin. Idan Sista ta danna, fankishin ɗin sai ya fita waje ya kirawo wata ƙaramar manhaja, ita ce ke tsara takardar da tambarinku ta miƙa wa firinta. Fankishin ɗin yana nan lafiya lau, ga shi ina karanta shi. Yana zuwa inda aka ce ya je, ba ya samun kowa."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ɗan aike ne ke nan."

Ta juyo ta dube ni. "Kusan haka, Baba."

"Ba ya tambayar maƙwabta?"

"Ba ya tambaya. Adireshi ɗaya aka rubuta masa. In bai samu ba sai ya dawo ya ce bai samu ba."

Na ji tausayinsa. Na taɓa yin irin wannan aiken a Unguwa Uku, aka ce gidan da ke gindin darbejiya, na je an sare darbejiyar.

Ta ci gaba da aiki, tana faɗin abin da take yi, ban sani ba ko don mu ko don kanta. Ta ce wani lokaci manhajar tana nan, izinin shiga ne aka hana rumbun. Ta duba, izini yana nan. Ta ce wani lokaci an matsar da ita wani wuri ne. Ta sa kwamfutar ta nemi sunan a ko'ina, muka jira, ba ta samu ba. Ta duba kwandon shara na kwamfutar, wanda sai ranar na san da shi, ba komai. Ta buɗe kwafin da mai gyara ya dawo da shi jiya.

"Wannan rumbun kaɗai yake ajiyewa. Manhajar a waje take, ba ta taɓa shiga ciki ba. Ko sau goma aka dawo da shi, ɗan aiken Baba zai je ya tarar da fili."

Mai gyara ya ce shi ma ya yi zargin haka.

Sai ta yagi takarda ta rubuta adireshin da manyan haruffa, ta miƙa wa Hajiya. "Nan ya kamata a same ta. Foldar ce gaba ɗaya babu." Hajiya ba ta sa tabarau ba, ta riƙe takardar nesa da ita, daidai inda nake tsaye. Shekara biyu da suka wuce da zane kawai zan gani. Yanzu kuwa na iya karatu. Haruffa biyar da lamba ɗaya. Wata goma sha huɗu ina buɗe su kowace safiya.

Na ji aljihuna ya yi nauyi. Amma ina da sauran hujja, sai na gwada ta.

"Injiniya, abin da ake kira kullum haka, ai kwanan watansa zai riƙa canzawa ko?"

"A'a, Baba. Kwanan watan ranar da aka gyara abu yake nunawa, ba ranar da aka yi aiki da shi ba. Wanda ke aiki lafiya sai ya shekara goma ba a taɓa shi ba."

"Ko sau nawa ake kiransa?"

"Ko sau ɗari a rana."

Hajiya ta tambaya, in ba a samu ba fa? Injiniya ta ce sai dai a rubuta sabuwa, kuma ba ta ga yadda za a gama ƙasa da mako biyu ba, tunda ba wanda ya san yadda tsohuwar take ciki. Hajiya ta dubi hannunta na dama, wanda ya kwana huɗu yana rubuta sakamako, ta ce, "Innalillahi."

Aka kira La'asar. Na tafi masallacin bakin titi. Na daɗe a wurin alwala. Na lissafa cewa gobe da sassafe zan iya mayar da foldar ba wanda ya gani, in cire nawa, a wayi gari a ce Allah ya kawo sauƙi, mai gyara ya ce ai ya faɗa. Amma na ji Injiniya tana cewa za ta sa wa kwamfutar kalmar sirri kafin ta tafi. Kuma ko ba ta sa ba, a baranda akwai wani tsoho daga Babban Giji da ya zo sau uku neman bugaggen sakamakon sukarinsa. Idan na miƙa filash, za a buɗe. Idan aka buɗe, ga na goma sha tara, ga na talatin da ɗaya, ga sauran, a gaban mata uku da mai gyara. Na yi salla, na ƙara nafilar da ban saba yi ba, na dawo.

Na ajiye filash a kan tebur na ce, "Ina jin yana nan."

Na yi bayani a taƙaice. Na ce ina ɗan koyon danna haruffa, na ajiye a foldar da na ga ba a taɓawa, na ɗauke da almakashi.

Sista ta dafe kai. "Baba! Abin da ka tambaye ni ke nan ranar Asabar?"

"Shi ne."

"Kwana huɗu yana aljihunka?"

"Na canza riga ranar Laraba," na ce. "Amma na mayar da shi."

Mai gyara ya ce tun ranar farko ya tambaye ni. Na ce a kan zare waya ya tambaye ni, kuma ban zare ba. Hajiya kuwa kallona kawai take yi, irin kallon da take yi wa jinin da bai yi mata daidai ba.

Injiniya ba ta soka filash ɗin a kwamfutar baya ba, a tata ta soka. Nan take wani abu ya yi ƙara.

"Ina ka kai shi, Baba?"

"Shagon buga takardu."

"To ga bairos ɗinka nan," ta ce wa mai gyara. Ya gyara tsayuwa, ya ji daɗi.

Bairos ɗin ya ɓoye komai, filash ɗin kamar ba kowa a ciki. Ta buɗe wani baƙin allo a kwamfutarta ta rubuta wani abu, foldar ta bayyana. Ta zaro abubuwa ukun nan, ta bincike su sau biyu, ta ce ba su kamu ba. Ta sake kafa foldar a inda take, da sunanta, ta zuba su. Ta ce Sista ta danna. Firinta ta yi tari, ta jawo takarda. Sakamakon tsohon Babban Giji ne, da tambari da komai. Sista ta yi guɗa kaɗan ta tuna inda take ta yi shiru.

Daga nan Injiniya ta koma kan filash ɗina. Ina hango lambobina a jere a fuskar kwamfutarta, daga ɗaya har arba'in da uku.

"Waɗannan naka ne, Baba? Akwai mai muhimmanci a ciki?"

Hajiya tana tsaye. Sista tana leƙowa ta kafaɗarta, kibiyar linzamin kwamfutar kuma tana daidai kan na goma sha tara. A inda na tashi, mutum ba ya cewa abinsa mai muhimmanci ne. Ko rago ka kai wa surukinka, cewa za ka yi ga ɗan abin miya. Balle ni da na tsayar da aikin mutane kwana huɗu, a tambaye ni a gaban mai wurin ko wasan yatsana yana da muhimmanci.

Na ce, "A'a, ba wani abu ba ne. Tarkace ne."

Nufina ta rufe ta miƙo mini. Ta danna wani abu, wani koren layi ya taso daga hagu ya tafi dama, bai fi ƙiftawa biyar ba. Ta zare ta miƙo mini da hannu biyu.

"Na wanke maka shi tas. Ya koma sabo. Kar ka ƙara soka shi a shagunan nan."

"Ba abin da ya rage?"

"Ko ɗaya."

Na san wannan muryar. Da ita nake gaya wa Hajiya na gama ɗakin gwaji. Na ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Ta ce amin.

Hajiya ba ta kore ni ba. Ta ce daga yau tsakanina da ɗakin baya tsintsiya ce kawai. Injiniya ta sa kalmar sirri, ta gyara ajiyar kullum ta haɗa har da foldar, ta kuma rubuta a takarda ta manna a bango cewa kada a taɓa ta. Ni na riƙe mata gam ɗin mannawa. Kowace safiya ina karanta takardar, ba na tuntuɓe ko a kalma ɗaya.

Ranar Asabar na kai wa malaminmu takardu shida. Ya duba haruffa, ya duba sunana sau ashirin, ya duba ranakun mako da sunayen watanni. Ya ce, "Malam, shekara biyu, iyakar abin ke nan?" Na ce akwai wasu, sun ɓace. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya sha jin haka. An yaye ni tare da kowa.

Bayan wata biyar Injiniya ta biyo ta duba kwamfutar. Da na kawo mata ruwa ba kowa a ɗakin, sai na tambaye ta, wai idan an wanke filash, shi ke nan? Ta ce ba lallai ba, in ba a zuba wani abu a kai ba, sau da yawa ana iya dawo da kayan. Ta ce me ya sa na tambaya. Na ce tambaya ce kawai. Tun a makon farko mai ɗakina ta ba ƙanenta filash ɗin ya cika mata shi da karatu da wa'azi, tana sawa a rediyo tana tsintar shinkafa. Har yau yana aiki, bai taɓa ba ta matsala ba.

Na gwada sake rubuta na talatin da ɗaya da biro, sau biyu. Akuyar tana fitowa, ƙwaryar tana fitowa, amma abin da Inna ta ce ba ya zama yadda ya zauna a wancan. Ban sani ba ko na manta maganarta ne, ko na manta yadda na rubuta ta.

Wurin aiki ya rasa kwana huɗu, da wayar firinta ɗaya da ba a buƙata, da mutum tara da suka koma wani ɗakin gwajin ba su dawo ba. Ni na rubuta arba'in da uku. Shida suna cikin akwatina a ninke. Talatin da bakwai babu.